Kiɗan Gayya a Kogin Gambiya

Ban taɓa sa ƙafata cikin jirgin ruwa ba sai da aka ce ni ne kocin masu tseren jirgi. Ni mutumin Kudan ne. Ruwan da na sani shi ne na fadamar rakenmu, wanda idan ya yi fushi sosai yakan kai gwiwa. Sunana Hamisu. Na karanci koyar da wasannin motsa jiki a Zariya, na dawo gida na yi ta jiran aiki har 'yan unguwa suka gaji da tambayata. Sai wani dillali a Maƙarfi ya ce ana neman malamai 'yan Najeriya a Gambiya, gudu da tsalle da ƙwallo kawai zan koyar. Yadda na fito daga gida ba zan faɗa ba, babu abin daɗi a ciki. Zan fara daga inda tsoro ya fara shigata.

A kan iyakar Mali da Senegal ne. Tun daga Bamako nake kujera ɗaya da wani tela ɗan Ghana mai Hausar zango, yana ba ni dabino yana yi mini dariyar yadda na rungume jakar takarduna kamar mai jego. Da muka isa iyaka aka ce kowa ya sauko da shaidarsa a hannu. Tela ya laluba aljihu, ya sake lalubawa, ashe an yanke masa tun a tasha. Suka ja shi gefe suka zaunar da shi a ƙasa cikin rana. Direba ya yi hon, muka hau. Jakar telan ta ci gaba da tafiya da mu har Tambakunda, tana saman mota, babu wanda ya san wa za a ba. Tun ranar na gane cewa a hanyar nan takarda ce ke tafiya, mutum binta kawai yake yi.

Makarantar da aka turo ni sakandare ce ta kuɗi, a wani gari a bakin kogi. Mai ita, Mista Bojan, gajere ne mai fara'a, irin mutanen nan da ke kama hannunka da hannu biyu suna girgizawa. Ya ce in kawo fasfo da takardar shaidar karatuna za a yi mini izinin zama. Na bayar. Ya jefa su cikin durowa, ya murɗa makulli, ya ce, "Zo ka ga aikinka, Koci."

Bayan ajujuwa, ƙarƙashin mangwaro, ga wani abu dogo siriri a kife kan tayoyi. Fari ne, amma tsuntsaye sun sauya masa launi. Jirgin tsere ne na mutum huɗu. Wasu Turawa masu taimakon makarantu suka kawo shi tare da saurayin da zai koyar, saurayin ya yi zazzaɓi ya koma ƙasarsu, jirgi ya zauna. Yanzu sun aiko cewa za su zo babban tseren makarantu na ƙarshen rani, su ga abin da aka yi da kyautarsu.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ko iyo ban iya ba. Ƙwallo aka ce mini."

"Ni kuma an ce mini kai gwani ne," in ji shi yana murmushi. "Baƙi su zo su ga yaranmu sun ɗauko wani abu, shi ke nan. Ran nan zan miƙa maka takardunka da hannuna."

"Izinin zaman fa?"

"Ana kai."

Wannan "ana kai" na ji ta har ta gundure ni.

Yara huɗu aka ba ni: Lamin, Modu, Usainu da Ibrahima. Ukun ƙarshe sirara ne, ba su da wani ƙarfin a zo a gani. Lamin kuwa, ɗan wata mai sayar da kifi ce, Fatu, kafaɗarsa ta fi tawa faɗi, kuma idan ka yabe shi sau ɗaya zai iya ɗaga maka gini. Su suka nuna mini yadda jirgin yake. Kowa da dogon filafili guda, biyu ta dama, biyu ta hagu, kujerun kuma suna zamewa gaba da baya. Abin da ya fi ɗaure mini kai, mai tuƙi bayansa yake ba wa inda za shi, fuskarsa tana kallon inda ya baro. Na tambayi yadda ake juya shi, Modu ya nuna mini wani rami a ƙarƙashin wutsiyar jirgin. Nan ƙarfen linzami yake a da, ya karye tun zamanin saurayin nan da ya koma ƙasarsu. Ke nan jirgin ba zai miƙe ba sai ƙarfin dama da na hagu sun zo daidai. Na faɗa wa Mista Bojan, ya ce shi ma ana kai.

Kogin kansa ba ya zama wuri ɗaya. Da safe ka gan shi ya cika yana gangarawa teku, kafin la'asar ya janye ya bar taɓo mai wari, can kuma ya juyo yana hawa sama. Kogin da ke komawa baya! Na ce idan na faɗi wannan a majalisa a Hunƙuyi, can yankinmu, cewa za a yi na fara shaye-shaye. Ranar farko da muka sa jirgi a ruwa, Lamin ya ja da ƙarfinsa, sauran suka ja da nasu, jirgi ya kama zagaye a wuri ɗaya kamar dokin da ke juya injin mazarƙwaila. Daga nan ya kife. Ni ina bakin gaɓa ina ihun "a hankali" da Hausa, masu wanki suna riƙe ciki don dariya.

A garin mutum ɗaya ne ya ɗauke ni ɗan'uwa. Jallo, Bafulatani mai kanti kusa da masallaci. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, daga wata ruga take a ƙasar Ikara, na tsinci Fulatanci kaɗan a bakinta. Ranar da na gaishe shi da shi, ya ajiye wuƙar yanka burodi ya zura mini ido. Fulatancinsu daban, namu daban, rabi muke ji rabi mu cike da hannu, amma ya isa. Shinkafa safe da rana da yamma ta sa har na fara jin haushin tukunya. Da na yi masa kukan haka, washegari matarsa ta aiko da dambun gero da garin kuka a ciki. Na ci ina juya wa titi baya, don kada a ga babban mutum yana hawaye a kan kuka.

Tuƙi a waya na koya, ina kallon Turawa suna yi, ina tsayar da hoton ina kwaikwaya a kan benci. Yaran kuma ba kullum suke cika ba, yau an aiki wannan, gobe an kori wancan. Duk wanda bai zo ba ni ke hawa kujerarsa, da jarka babu komai ɗaure a ƙirjina don kada in nutse. Tafin hannuna ya yi bororo, ya fashe, ruwan gishiri ya shiga, ya sake yin wani a kai. Duk lokacin da na duba hannun sai in tuna Baba. A zamaninsa babu makaɗin noma daga Kudan zuwa Gazara da bai san sunansa ba. Yakan kama hannuna ya murza, ya ce, "Hamisu, wannan hannu ne ko burodi? Boko ya cuce ni."

Tunanin Baba ne ma ya ba ni dabara. Matsalar yaran ɗaya ce, ba sa sa filafili a ruwa lokaci guda. Na ƙirga musu da Turanci, na yi tafi, na busa usur, duk a banza. Sai na tuna gayya. Mutum talatin a gona, kowa da garmarsa, amma idan ganga ta kama, garmar nan tare take sauka tare take tashi. Na kwance jarkar daga ƙirjina, na samo sanda, na tsaya a gaɓa na buga musu kiɗan noman garinmu. Wallahi kamar wasa. Bugu ɗaya su nitsa filafili, bugu biyu su zaro. Lamin da kansa ya rage hannu ya bi kiɗa. A karo na farko jirgin ya miƙe sambal, ya yanka ruwa, masu wanki suka tsaya da wankinsu suna kallo.

Da muka fito suka tambaye ni wane kiɗa ne. Na ba su labarin gayya, har na kai ga yadda ake ƙarasa ta. Idan rana ta yi kuma saura kunyoyi kaɗan, makaɗi yakan bar kiɗan kowa da kowa ya bi gwarzo ɗaya, ya kira sunansa da na uwarsa, ya zuga shi. Gwarzon ya tsinke da aiki kamar an zuba masa wuta, sauran su ji haushi su bi shi, kafin ka ankara gona ta ƙare. Lamin ya ce lallai sai na yi masa irin nasa. Na yi masa don wasa: "Lamin na Fatu! Garma mai cin ƙasa! Gona ta ƙare, kai ba ka ƙare ba!" Na fassara masa. Yaron nan har tsigar jikinsa ta tashi. Ya haddace shi da Hausa, yana yawo da shi a makaranta. Na ja masa kunne cewa wannan na tudu ne, a ruwa babu gwarzo, ya ce ya ji.

Muka je ƙaramin tsere a wani gari can sama da mu. Ba mu ci ba, amma ba mu ne na ƙarshe ba, kuma jirginmu bai karkace ba ko sau ɗaya. Sauran makarantu duk da linzaminsu. A motar dawowa yaran suna buga kiɗan noma a jikin kujera, ni kuma na fara lissafin tsarabar da zan kai gida.

A makon ne ƙanena Rabi'u ya kira. Ya ce, "Yaya, ga Baba."

Baba bai taɓa gaggawar gaisuwa ba. Ya tambayi lafiyata, da aiki, da mutanen gari, da mai gidan da nake zaune, da ko ana samun jam'i a kusa. Na tambayi gida, da fadama, da rake. Sai da muka gama duk wannan ya yi gyaran murya.

"Hamisu, idon dama ya tafi. An kai ni asibiti a Zariya, sun ce ba yana ba ce da za a kankare, ciwon daga ciki yake. Na hagun ma ya ɗaura kaya. Yanzu kamar ta kafar ƙofa nake leƙen duniya."

"Baba, za a samu magani in Allah ya yarda."

"Ba magani na kira ka ka nemo ba. Na ga rake, na ga jikoki, na ga abin da zan gani. Kai ne ban ƙare gani ba. In da hali, ka zo in dube ka."

Washegari da sassafe ina ofishin Mista Bojan. Na faɗa masa komai, har na durƙusa, abin da ban taɓa yi wa wani ba in ba Baba ba. Ya taso ya ɗaga ni da hannu biyu, ya ce Allah ya ba tsoho lafiya, shi ma mahaifinsa da ciwon ido ya rasu. Sannan ya ce, "Saura kaɗan baƙi su zo, Koci. Ka ɗauko mana wani abu, ni zan saka ka a mota." Na ɗaga murya, na ce zan kai ƙara. Ya ce in je, amma in tuna wa'adin zamana ya wuce kuma izini bai fito ba, ni za a fara riƙewa. Jallo ya raka ni wurin liman. Liman ya saurare mu da kyau, ya yi addu'a mai tsawo, ya ce zai yi magana. Da muka fito Jallo ya nuna mini sabon kwanon rufin masallaci da haɓarsa, ya ce, "Mista Bojan ne ya saka." Na yi tunanin guduwa haka nan, sai in ga telan nan zaune a ƙasa cikin rana.

Hanya ɗaya ta rage mini zuwa Kudan, kuma ta cikin jirgin nan ta bi. Na matsa wa yaran lamba fiye da kima. Na zama mai faɗa, abu kaɗan in hau su da masifa. Usainu ya yi fushi ya daina zuwa, na bi shi har gida na ba shi haƙuri a gaban kakarsa. Na faɗa wa yaran dalili. Sai Lamin ya ce, "Koci, za ka ga babanka. Bar mini."

Ranar babban tsere gari ya cika. Turawan suna zaune a rumfa da hulunan rana, Mista Bojan a tsakiyarsu cikin babbar riga. An ba kowane koci izinin bin yaransa daga gefe a kwalekwalen masunta mai inji. Na zauna da jarkata tsakanin gwiwoyi. Aka busa, na fara kiɗa.

Sun yi kyau. Ban taɓa ganin sun yi kyau irin na ranar ba. Filafili huɗu suna sauka kamar hannu ɗaya. Muka wuce jirgi ɗaya, muka wuce na biyu. Jiragen gaba biyu sun yi nisa, ba a maganarsu, amma na uku ma ana ba shi kofi, kuma kofi ko wane iri ne "wani abu" ne. Muna kafaɗa da kafaɗa da wata makaranta, ga tutar ƙarshe ina hango ta. Sai na ga hancin jirginsu ya fara leƙowa gaba, kaɗan, kamar tsawon hannu. Na ga rana ta yi, saura kunyoyi kaɗan. Ban yi shawara da kowa ba, ko da kaina. Hannuna ya bar kiɗan kowa da kowa, bakina ya buɗe.

"Lamin na Fatu! Garma mai cin ƙasa! Gona ta ƙare, kai ba ka ƙare ba!"

Ya ji. Na ga kansa ya ɗago, na ga bayansa ya buɗe. Ya ja filafilin nan ja irin wanda Baba zai tsaya ya kalla. A gona da sauran sun bi shi. A nan kuwa ɓangarensa ya rinjayi ɗayan, hancin jirgi ya karkata, Modu ya rasa bugu, filafilinsa ya maƙale a ruwa ya doke shi a ciki. Jirgi ya bar hanya, ya yi rabin zagaye a gaban rumfar baƙi, ya je ya soke hanci a taɓo. Duk jiragen da muka wuce suka zo suka wuce mu.

Turawan mutanen kirki ne. Sun tafa, sun ɗauki hoto, ɗaya ta ce kiɗan ya burge ta ƙwarai. Lamin ya fito cikin taɓo har cinya, yana kuka kamar ƙaramin yaro. Ya ce, "Koci, kai ka kira ni." Na ce, "Ni na kira ka, kuma ka amsa." Da yamma Mista Bojan ya same ni ina wanke jirgi. Ya ce, "Sun ce za su dawo baɗi. Ka ga ashe muna da aiki a gabanmu."

Damina ta sauka ina can. Kogi ya yi ja, aka yi hutu, yaran suka tafi gonakin gyaɗa. Na bar zuwa ofis, na bar roƙo. Idan abin ya ishe ni sai in ja jirgi da taimakon Lamin mu shiga mu biyu, shi dama ni hagu, mu yi ta tuƙi ba magana. Wata ranar Juma'a bayan an sauko Rabi'u ya kira. Ya ce da safe Baba ya tambaya ko har yanzu gari bai waye ba, alhali rana ta kai tsakar gida. Na ce to. Na zauna a bencin Jallo, ya zuba mini shayi, ya huce a hannuna ban sha ba.

Takarduna ba faɗa ne ya karɓo su ba, ba kuma addu'ar liman ba. Bayan an koma makaranta Turawan suka aiko cewa za su turo nasu kocin, da sabon linzami. Mista Bojan ya kira ni, ya buɗe durowa, ya miƙo mini fasfo da takardar karatu yadda na ba shi su, ko buɗe su ba a yi ba. Ya kama hannuna da hannu biyu ya ce makaranta ba za ta manta da ni ba. Jallo ya haɗa ni da wani direban babbar mota ɗan garinsu wanda ya san yadda ake magana a kan iyaka. Lamin ya kawo mini busasshen kifi a leda, ya ce in kai wa Baba.

Na iso Kudan ana saran rake. Na tarar da shi a zaure kan buzunsa, fuskarsa tana kallon ƙofa, idanunsa a buɗe tar kamar lafiya lau. Na yi sallama. Ya amsa, ya karkata kai, amma ba daidai inda nake ba. Na matso na durƙusa. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya tambayi hanya, da gajiya, da mutanen da na baro. Bai ce na makara ba. Da ma ya faɗa, da na samu abin yin kuka a kai.

Ya miƙo hannu ya laluba fuskata, ya ce na rame. Sannan ya sauko ya kama tafin hannuna zai murza yadda ya saba. Sai ya tsaya. Ya bi kantar da babban yatsansa ɗaya bayan ɗaya, ya karɓi ɗaya hannun shi ma ya bi. Na ga murmushi ya fara fito masa.

"Rabi'u, zo ka ji hannun yayanka," ya ce. "Ashe noma ka je ka yi, Hamisu. Wace irin ƙasa ce da su?"

Na ce, "Ruwa ne, Baba. Ka ja kunya, kafin ka ɗago ta rufe."

Bai saki hannun ba.

"To me aka girbe?"

"Ba komai, Baba."

Ya jinjina kai, kamar yadda yake yi idan an ba shi labarin gonar da fari ya kama. Ya ci gaba da shafa kantar, fuskarsa tana kallon bango a gefen kafaɗata.